Amsoshin Tambayoyinku: Keken batir ko kwamfuta, wanne za mu saya wa 'yarmu?

TAMBAYA

Malam, ni uwa ce daga Unguwar Hausawa ta New Bell, a Duwala. 'Yata mai shekara 16 ta ci jarrabawar BEPC bana, za ta shiga ajin seconde idan an koma makaranta. Tun tana ƙarama ƙafafunta suka samu rauni bayan wata doguwar jinya. A cikin gida tana takawa da sanduna biyu, amma ba ta iya yin nisa. Hannunta na dama kuma yana saurin gajiya, sau da yawa malami zai goge allo ba ta gama kwafa ba. Kullum yayanta ne ke kai ta a babur, ya ɗauke ta ya shigar da ita aji. Yanzu ta girma, abin ya fara yi mata nauyi. Kawunta da ke Gabon ya aiko da kuɗi ya ce a saya mata abin da zai taimake ta. Mahaifinta ya ga keken guragu mai batir a wani shagon kayan gwanjo, ya ce shi za a saya. Yayanta ya ce kwamfuta ta fi. Kuɗin ba zai ishi duka biyun ba. Don Allah a ba ni shawara, kada mu yi asara.

Daga wata uwa, New Bell, Duwala

AMSA

Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya saka wa kawunta da alheri. Wadda ta ci BEPC da hannun da ke gajiya kafin a goge allo ta nuna irin ƙoƙarinta, kuma ta cancanci a yi mata zaɓi a nutse.

Shawarata ta farko ita ce ku riƙe kuɗin nan tukuna, mako biyu ko uku. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutane sama da biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan taimako, daga tabarau zuwa keken guragu, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kacal na mabuƙata ke samu. 'Yarki tana cikin 'yan kaɗan ɗin da dama ta zo musu. Dama irin wannan ba a kashe ta da gaggawa.

A wasiƙarki na ji abin da mahaifinta ke so, na ji na yayanta, na ji niyyar kawunta. Wadda za ta zauna a keken ko ta buga kwamfutar ce kaɗai ban ji ta bakinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ba maza a kusa, ki tambaye ta: daga fitarki da safe zuwa dawowarki, ina ne ya fi ba ki wuya? Me kike fasawa don ba ki son neman taimako? Kada ki yi mamaki idan amsarta ba ta taɓo keke ko kwamfuta ba. 'Yan mata da yawa masu irin wannan lalura suna ƙin shan ruwa tun safe har a tashi, don kawai kada su buƙaci ban-ɗaki.

A 1993 wasu masu bincike biyu a Amurka, Betsy Phillips da Hongxin Zhao, sun tambayi masu naƙasa 227 game da kayan taimakonsu, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na kayan an jingine su gaba ɗaya. Cikin manyan dalilan akwai rashin jin ra'ayin mai kayan lokacin da ake zaɓa masa. Shi ya sa wata malama, ita ma 'yar Amurka, Joy Zabala, ta fito da wani tsari a shekarun 1990 wanda makarantu da yawa ke bi har yau: a fara da ɗalibin kansa, a duba wurin da zai yi amfani da kayan, a lissafa ayyukan da ake nema ya yi, sai a ƙarshe a zo kan na'ura. A gidanku an faro daga na huɗun, kamar yadda yawancinmu muke yi, domin na'ura ita ake gani a shago.

Bayan kin ji ta bakinta, ki bi ta ƙafa da ƙafa daga ƙofar ɗaki har mazauninta a aji, da takarda da biro a hannunki. Ki ƙirga dokin ƙofa da matakala. Ki duba kwatar bakin gida: katako aka gitta a kai ko siminti? Ki auna faɗin lungu, da na ƙofar aji, da na ƙofar ban-ɗaki. New Bell tsohuwar unguwa ce, tun zamanin Jamusawa aka kafa ta, gidaje sun matse juna, lunguna ƙanana, ƙasa kuma shimfiɗaɗɗiya mai riƙe ruwa. Ruwan saman Duwala yakan haura milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na Kano, kuma a watan Satumba da ake buɗe makarantu damina na nan da ƙarfinta. Duk keken da za ku saya, a cikin wannan caɓin zai yi aiki, tsakanin 'yan bensikin, wato masu haya da babur, da masu tura kaya zuwa Babbar Kasuwa.

Idan aka ɗora keken batir na gwanjo a kan wannan ma'auni, akwai abin dubawa sosai. Don titi mai laushi da gini mai faɗin ƙofa aka ƙera irinsa. Da yawansu sun haura kilo 50, saboda haka ba a ɗaga shi a tsallake kwata, ba ya hawa babur, ba kowace tasi ke ɗaukarsa ba. Ruwa da na'urar sarrafa shi ba sa ga maciji. Batir ɗinsa yakan gaji bayan shekara ɗaya ko biyu ko da sabo ne, balle wanda ya yi aiki a Turai ya kuma daɗe a kwantena. Ga ɗauke wuta, wanda ba sai na ba ki labari ba. Kafin mahaifinta ya biya ko dala, ya tambayi mai shagon abu uku: a ina ake samun batir ɗinsa a Duwala, wa ke gyara shi, kuma zai yarda a gwada shi mako guda a hanyar makaranta? Idan amsa ta zo da inda-inda, ku bar masa kayansa. Ban ce keken batir ba shi da amfani ba. Ga wanda hannuwansa biyu ba su da ƙarfin tura taya, shi ne ƙafarsa, kuma idan aka duba aka ce 'yarki tana cikin waɗannan, sai a nemi wanda ya dace, a gyara masa hanya da wurin caji. Amma wannan hukuncin na mai awo ne, ba na mai sayarwa ba.

Mai awon shi ne likitan gashin ƙashi, wanda a Kamaru ake kira kine. Ana samun su a manyan asibitocin Duwala irin su Laquintinie, kuma a Yawunde akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu naƙasa da ke Etoug-Ebe, mai ɗauke da sunan Cardinal Paul-Émile Léger, inda ake gashi da haɗa takalman ƙarfe da sauran kayan tallafin jiki. Ku kai ta ya duba ƙarfin ƙafa da hannu da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2008 kan samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta lissafa matakai 8, kuma biyan kuɗin keken ɗaya ne kawai a ciki. Sauran sun haɗa da duba mai buƙatar, zaɓar nau'in da ya dace, daidaita shi a jikinsa, koya masa amfani da shi, da bibiya da gyara.

Ranar da za a zaunar da ita a keke, ki sa ido. Faɗin mazauni ya zo daidai da ƙugunta, kada ya matse ta, kada kuma ya yi yalwar da za ta karkace gefe guda. Tsakanin bakin mazaunin da bayan gwiwarta a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku. Tafin ƙafarta ya zauna daram a kan mataki, cinyarta ta kwanta a kan mazauni. Kada a saya mata babba wai don ta girma a ciki. Zaman karkace na shekaru yana lanƙwasa baya. Sai matashin zama, wanda mutane ke rainawa. Za ta yi sa'o'i a wuri guda cikin zafi da gumi, kuma fatar da ta daɗe a danne jini ba ya isarta, daga nan sai ta buɗe ta zama gyambo mai wuyar warkewa, wanda ke iya kwantar da ɗaliba zango guda cur. Rigakafinsa matashi mai kyau, da karkata jiki gaba ko gefe lokaci-lokaci, da duba fatar kowane dare. Duk wurin da ya canza launi ko ya ɗauki zafi, bai kuma koma daidai ba bayan rabin sa'a da sauka daga keke, a nuna wa likita.

Kekunan hannun ma ba ɗaya suke ba. Na asibiti mai naɗewa, mai ƙananan tayoyin gaba, an yi shi ne don tura majiyyaci daga ɗaki zuwa ɗaki. A lungun unguwa, ƙaramar tayar nan za ta faɗa tsakanin katakan kwata, keken ya tsaya cak, mai zama ta tafi gaba. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don hanya mara kyau, masu doguwar ƙira da babbar tayar gaba, irin waɗanda ƙungiyar Motivation ta Ingila ta tsara. Ku fifita wanda tayoyinsa na baya irin na keken hawa ne, domin duk mai faci a bakin titi zai iya da shi, taya da tiyub ɗinsa kuma suna kasuwa. A sa masa kariya a gefe don kada hijabi ko bakin zane ya shiga taya. A saya mata safar hannu saboda ruwan kwata da taya ke ɗebowa, musamman ga mai son ta riƙe tsarkinta har azahar. Iskar Duwala tana saurin sa tsatsa, don haka yayanta ya ɗauki nauyin goge keken da sa masa mai kowane mako.

Keken murzawa mai taya uku ya fi kowanne cin nisa, kuma da kayan keken hawa masu walda ke haɗa shi. A Kano waɗanda shan-inna ta shafa suna da wurin ƙira nasu na kansu inda suke yin sa. Sai dai ba ya shiga aji, kuma ƙarfin hannu yake ci. Hannun 'yarki na dama shi ne jarinta a makaranta. Idan ƙarfinsa ya ƙare a hanya, da me za ta yi rubutu? Mai yiwuwa abin da zai fi dacewa shi ne a raba aikin: babur ya ci gaba da kai ta bakin makaranta, keke mara nauyi yana ajiye a can wurin mai gadi ko a ofis, ta hau ta shiga aji da kanta, sanduna kuma su yi aikin gida. Wannan kaɗai ya kawar da ɗaukar nan da ta fara yi mata nauyi. A riƙa duba robar ƙasan sandunan, domin idan ta cinye, santsin damina zai kayar da ita.

A makaranta akwai abubuwan da magana suke ci fiye da kuɗi. Ku je wurin shugaban makaranta kafin a raba ajujuwa, ke da mahaifinta da ita kanta. Ku nemi a sa ajinta a ƙasa, kada a kai shi bene. Bencin makarantunmu haɗe yake da teburinsa, keke ba ya shiga ƙarƙashi; kafinta zai yi mata tebur nata mai sararin da gwiwa za ta shige, a ajiye shi a gaba kusa da ƙofa, cikin sahun 'yan ajinta, kada a ware ta can gefe. Inda akwai matakala ɗaya ko biyu, a yi gangara ta siminti ko katako mai kauri. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na shimfiɗa: matakala mai santimita 15 tana son gangarar santimita 180. Wadda ta fi haka miƙewa hatsari ce. Ƙofa kuwa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90.

Ban-ɗaki ne wurin da zan so ki fi tsayawa a kai. Masan tsuguno ba ya yiwuwa ga mai raunin ƙafa. Abin da ake buƙata kujera mai rami da za a ɗora a kansa, da ƙarfen riƙewa a bango, da ƙofa mai sakata, da makulli a hannunta. Aikin mai walda ne na ɗan lokaci, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Budurwa ce, tana da kwanakinta na wata. Idan wurin nan bai gyaru ba, za ta riƙa fashin makaranta wata-wata, kuma ba za ta faɗi dalili a gaban mahaifinta ba.

Yanzu mu zo kan hannu, inda yayanta yake da gaskiyarsa. A fara da mai sauƙi. Siririn biro yana tilasta wa yatsu matsewa, matsewar ce ke kawo gajiya. Ki naɗe shi da soso ko robar tsohon tiyub har ya yi kaurin babban yatsa, ki zaɓi mai tawada mai gudu wanda ba sai an danna ba. Kafinta ya yi mata ɗan allo mai tudu da maƙali a sama, don littafi ya tsaya da kansa. Ta gwada mako guda ta gaya miki bambancin.

Babbar damuwarta kwafar allo ce, kuma waya mai kyamara mai kyau tana maganinta: ta ɗauki hoton allo kafin a goge, ta ba malami hankalinta duka, ta kwafa a gida a nutse ko a buga mata a takarda. Makarantu da yawa sun hana ɗalibai shiga da waya, saboda haka a nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, a nuna wa kowane malami. Idan ba a samu ba, ƙawa mai kyan rubutu da mai fotokwafin bakin makaranta za su toshe wannan kafar.

Kwamfuta tana da ranarta wajen aikin gida da dogon rubutu, kuma kayan taimakon suna cikinta tun daga kamfani, ba a ƙara ko dala. A Windows akwai Sticky Keys, wanda ke ba mai hannu ɗaya damar danna madannai ɗaya bayan ɗaya maimakon haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Akwai Filter Keys, mai hana harafi maimaituwa idan yatsa ya daɗe a kansa ko yana rawa. A wayoyin Android, Gboard yana mayar da magana rubutu da Faransanci ko Ingilishi, manhajar Voice Access kuma tana sarrafa wayar da murya. Idan kamfas da rula suna ba ta wuya a darasin lissafi, akwai GeoGebra, kyauta ce, ana zana siffofi da ita. Rubutu da murya dai na ɗaki ne, ba ya aiki a aji mai hayaniya. Kafin a saya, ku aro ta wani ta yi mako biyu da ita. Idan bugawa ta fi mata biro sauri da sauƙi, a nemi mara nauyi mai riƙe caji, ko da ta hannu ce. Idan ba ta fi ba, waya da ƙaramin allon madannai da ake haɗawa da ita sun wadatar.

Ki riƙe wannan da kyau: a ƙarshen ajin première za ta zauna Probatoire, a ƙarshen terminale ta zauna Baccalauréat, dukansu ƙarƙashin hukumar Office du Baccalauréat, kuma da biro ake rubuta su cikin ƙayyadadden lokaci. Kada kwamfuta ta sa ta saki biro gaba ɗaya. Tun lokacin rajista, wadda ake yi watanni kafin jarrabawa, ku rubuta takarda ta hannun makaranta, haɗe da shaidar likita, ku nemi ƙarin lokaci, da ɗakin jarrabawa a ƙasa, da teburin da ya dace da ita. Ku ajiye kwafi mai hatimi. Abin da aka nema ranar jarrabawa a bakin ƙofa, mai tsaron aji ba shi da ikon ba da shi.

Idan kun nemi waɗannan, haƙƙi kuke nema. Kamaru tana da dokar kare masu naƙasa da ciyar da su gaba, mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010, da dokar aiwatar da ita wadda Firayim Minista ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 2018. Sun tanadi ragewa ko yafe kuɗin makaranta ga ɗalibai masu naƙasa marasa ƙarfi, da sassauta musu ƙa'idar shekaru, sun kuma ce a tsara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai naƙasa zai iya shiga. Hanyar samun yawancin wannan ita ce katin shaidar naƙasa na ƙasa, wanda Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ke bayarwa. Ku fara daga ofishinta na gundumarku, Duwala ta Biyu, da takardar likita a hannu, ku kuma tambaya ko akwai ƙungiyar da ke taimakawa da kekuna. Idan aka samu na rabo, a karɓa da godiya, amma a kai wa mai awo ya daidaita shi kafin ta fara zama a kai.

Akwai magana guda da ba ki rubuta ba, amma tana yawo a gidajenmu. Wasu iyaye suna gudun keken hannu saboda sun saba ganinsa a bakin masallaci ranar Juma'a, suna ganin mai batir ko kwamfuta sun fi kima a idon jama'a. Hajiya, mutuncin yarinyar nan yana cikin ta shiga aji da kanta, ta je ban-ɗaki ba tare da ta roƙi kowa ba, ta gama rubutunta tare da 'yan ajinta. Duk abin da ya ba ta wannan shi ne mai daraja, ko nawa aka saye shi.

Da kuɗin a hannuna suke, ga yadda zan bi da su. Da farko ganin kine. Sai ban-ɗaki da tebur da gangara, a gida da makaranta. Sai keken da aka auna mata, da matashinsa. Sai biro da allo da waya. A ware kamar ɗaya bisa biyar na kuɗin a ajiye don faci da taya da birki, domin keken da ba a tanadi gyaransa ba kwanansa kaɗan ne. Kwamfuta ta biyo baya, idan gwaji ya nuna amfaninta. Ku yi wa kawu bayanin wannan dalla-dalla, zai fi jin daɗin sanin inda kowace sefa ta shiga.

Idan aka ba da sakamakon zangon farko a watan Disamba, ku sake zama da ita. Abin da ya yi aiki a riƙe, wanda bai yi ba a canza ba tare da jin nauyi ba, domin jiki na girma, karatu na ƙara yawa, buƙatar seconde ba lallai ta zama ta terminale ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ta ilimi mai amfani, ya ba ku ladan ɗawainiya. Amin.